Wasiƙa Zuwa Ga Makaɗan Jita Na Samaru Kataf Da Kewaye

Ƙannena,

Wani yaro da na ji a bara ne ya sa na ɗauki biro. Yana zaune a gindin mangwaro bayan an tashi daga sujada, jitarsa saura tsirkiya biyar don ɗaya ta tsinke, yana rera wata waƙar niƙa da harshen Tyap da ya koya a bakin kakarsa. Matan zumunta sun riga sun ɗauki tulunansu za su tafi, sai suka dawo suka tsaya. Bayan wata uku ya kawo mini waƙar a waya, an ɗauko ta a wani situdiyo a Kafanchan. Sai da na kasa kunne sosai kafin na ji jitar. An binne ta da gangar kwamfuta, an goge muryarsa har ta zama ta kowa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yau bai huce ba.

Roƙona ɗaya ne: faifanku na farko ku yi shi da murya da jita kawai.

Ali Farka Touré, mutumin Niafunké a ƙasar Mali, a gidan rediyon Bamako inda yake aiki ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a shekarun 1970, kamfanin Sonafric ya buga su a Faris. Jita ce da murya, sai ɗan ƙwarya ko goge. Da ya yi suna, har ya ci kyautar Grammy da faifan Talking Timbuktu, waɗannan tsofaffin waƙoƙi aka koma aka tono, aka sake fitar da su a 1996 da sunan Radio Mali. Ga kuma namu na kusa, marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa gwangwani ne da fatar akuya da tsirkiya ɗaya tak, amma da shi ya yi wa karen mota waƙar da har gobe ake tunawa. Ku da ke da tsirkiya shida, me kuke ɓoyewa a bayan inji?

Na san kuna tsoron a ce kiɗan ya yi fayau, ba ya cika kunne. To ku gyara hannu. Ku ɗaura sababbin tsirkiyoyi kwana biyu ko uku kafin ɗauka, su zauna. Ku nemi ɗaki mai labule da katifa, ku jira dare ya yi, janaretocin unguwa su mutu. Kada ku kafa makirfo a bakin ramin jita, sauti zai kumbura; ku matsar da shi wajen da wuya ya haɗu da jiki. In yatsa ya yi ɗan ƙara a kan tsirkiya, ku bar shi. In mai situdiyo ya ce zai ƙara muku gishiri, ku ce masa miyar ta ji.

Batun harshe kuwa, ku rera da Tyap, da Jju, da Gworok, da Hyam, da Hausar da muke ciniki da ita a kasuwar Zonkwa. Waƙoƙin noma da na raino suna bakin tsofaffin mata, kuma kullum muna binne su ɗaya bayan ɗaya. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku nemi izini, ku rubuta sunan wadda ta ba ku a jikin faifan, in an samu ɗan abu ku kai mata rabonta.

Zan zo Kagoro bikin Afan ranar 1 ga Janairu in Allah ya kai mu. Wanda ya gama nasa ya kawo mini in ji.

Naku,
Yayanku