Alƙawarin tela: Me ya sa manhajojin kama layi ba su samu shiga cikin birnin Kano ba?

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, rigima iri ɗaya ce ke dawowa a unguwannin cikin ganuwa kamar Soron Ɗinki da Yakasai da Mandawari: tela ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa, mai kaya ya zo daren Sallah ya tarar ko yanka shaddarsa ba a yi ba. Haka masu lalle da kitso da gyaran jiki ke fama a lokutan biki, inda ake samun amare biyu sun zo a lokaci guda, kowacce na cewa ita aka fara yi wa alƙawari.

A ƙasashe da dama an rage wannan matsala da manhajojin kama layi ta intanet. Mai sana'a yana saka ranakun da yake da sarari, kwastoma ya zaɓi lokaci a wayarsa, manhajar ta rufe gurbin, sannan ta tura wa kowa tunatarwa. Ɗaya daga cikin fitattunsu ita ce Calendly, wadda Tope Awotona, haifaffen Legas, ya kafa a Amurka a 2013, kuma a 2021 aka ƙiyasta darajarta a kan dala biliyan 3. Akwai kuma Fresha da Booksy da masu aski da gyaran gashi ke amfani da su a Turai.

To me ya hana su karɓuwa a Kano, garin da ya yi suna a kasuwanci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da aka kafa Kasuwar Kurmi?

Lokacin sallah da lokacin agogo

Dalili na farko shi ne yadda ake auna lokaci. Manhajar tana son a ce ƙarfe 4:30. Mutumin cikin birni kuwa cewa yake "bayan la'asar" ko "kafin magariba". Lokacin magariba a Kano yana matsawa da kusan awa guda tsakanin Nuwamba da Yuli, kuma a watan azumi yawancin aiki komawa dare yake yi.

Na biyu shi ne wutar lantarki. Mai surfani ko mai aski da ke jiran wutar KEDCO ba zai iya tabbatar da ƙarfe nawa zai gama ba, sai dai in ya tada janareta, ga kuma tsadar mai tun bayan cire tallafi a Mayun 2023.

Na uku shi ne kunya da zumunci. Manhaja ba ta san suruki ko limamin unguwa ba. Idan dattijo ya aiko da ɗinki saura kwana uku Sallah, da wuya tela ya ce babu gurbi. A nan ne yawancin alƙawura ke karyewa, domin kowane alfarma da aka yi, wani aka ture daga layi.

Sai kuma harshe da kuɗi. Calendly ba ta da Hausa, kuma karɓar kuɗi a cikinta ta hanyar Stripe ko PayPal ne, waɗanda ƙananan masu sana'a a nan ba sa hulɗa da su. Ga ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data da hukumar NCC ta amince da shi a Janairun 2025.

Abin da ya riga ya kama

Duk da haka, kama layi ta waya ya riga ya shigo ta wata ƙofar. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya tilasta wa masu sana'a buɗe asusu a OPay da Moniepoint da PalmPay. Yanzu mace na iya tura hoton zanen lallen da take so ta WhatsApp, ta yi saƙon murya, ta tura kafin alƙalami, ba tare da ta fita daga gida ba. Ga matan da ke sana'a a cikin gidajen aure, wannan ya faɗaɗa musu kasuwa har zuwa wajen ganuwa.

Inda tsarin ya gaza shi ne lissafi. Saƙon murya yana nutsewa cikin ɗaruruwan saƙonni, kuma babu abin da ke nuna wa tela cewa ya riga ya cika makonsa. Shaidar tura kuɗi tana nuna an biya, amma ba ta nuna ranar da aka yi alƙawarin bayarwa.

Mai sana'a na iya toshe wannan giɓi ba tare da sayen komai ba. WhatsApp Business, da aka fito da ita a 2018 kyauta, tana ba da damar yi wa kwastomomi alama, kamar wanda ya biya da wanda aka gama wa aiki. Idan aka haɗa da rubuta ranar karɓa a saƙo, da ƙayyade adadin kayan da shago zai iya ɗinkawa a mako, da ware gurbi biyu ko uku na alfarma tun farko, rigimar za ta ragu sosai.

Ga matasan Kano masu ƙirƙirar manhaja kuma, buƙatar a bayyane take: manhajar da ke jin Hausa, take karɓar saƙon murya, take lissafi da lokutan sallah, kuma take haɗe da asusun da mutane ke amfani da shi. Amma ko an samu irinta, sai tela ya iya buɗe baki ya ce wa na gaba da shi, "Baba, a yi haƙuri, layi ya cika," kafin ta yi amfani. Hausawa dai sun ce alƙawari kaya ne.