Kirifto: Me ya sa hanyar da ta fi gudu ba lallai ta fi aminci ba?

A unguwar Gyallesu da ke Tudun Wadan Zariya, inda ɗalibai suka yi yawa saboda kusancinta da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, harkar kirifto ba baƙuwa ba ce, musamman tun guguwar mainin ta 2024, lokacin da matasa suka duƙufa taɓa fuskar waya suna jiran Notcoin da Hamster Kombat su fashe.

Muhawarar da ba ta ƙarewa a tsakaninsu ita ce: wace hanya ce ta fi saurin isar da kuɗi?

Kusan kowane kuɗin kirifto yana tafiya ne a kan bulokcen, wato kundin ciniki da kwamfutoci masu yawa ke riƙewa tare, kuma kowanne da irin gudunsa.

Bitcoin na ɗaukar ciniki kusan 7 a daƙiƙa, yana rufe shafin kundinsa duk bayan kimanin minti 10. Ethereum na rufe nasa a daƙiƙa 12, Tron a daƙiƙa 3, Solana kuwa ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Ranar cunkoso

Sai dai alƙaluman talla daban, ranar kasuwa daban.

A Oktoban 2023, TON, wadda Notcoin da Hamster Kombat ke kanta, ta sanar da cewa ta haura ciniki 100,000 a daƙiƙa a wani gwaji. Amma a ƙarshen Agustan 2024, da jama'a suka yi dafifi wajen karɓar rabon DOGS, sai ta tsaya cik na sa'o'i. Mai son sayarwa a lokacin sai dai ya zuba ido.

Ita ma Solana ta tsaya na kusan sa'o'i biyar ranar 6 ga Fabrairun 2024.

Gudu yana da farashi. Tron ta dogara ne da wakilai 27 kacal wajen rubuta kundinta, abin da ke ba ta sauri amma yake tattara iko a hannun tsiraru. Bitcoin ya zaɓi tafiyar hawainiya domin kundinsa ya yi wuyar taɓuwa. A Ethereum kuma, kuɗin tura saƙo kan yi tashin gwauron zabi idan cunkoso ya yi yawa.

Abin dubawa

Ga matashin da aka biya ladan aikinsa da USDT, abu uku sun fi lambar gudu muhimmanci: nawa za a cire masa, ko hanyar na jure cunkoso, da ko walat ɗin mai karɓa na kan hanya ɗaya da nasa.

Na ukun ya fi haɗari. USDT na tafiya a kan Tron da Ethereum da TON, kuma wanda ya tura ta hanyar da mai karɓa ba ya amfani da ita zai iya rasa kuɗinsa, babu bankin da zai kai wa kuka.

Shi ya sa masu ƙwarewa kan fara tura ɗan kaɗan, sai ya isa su tura sauran.