Kiɗan Sinima: Sunan Makaɗi Ba Shi Ne Hukunci Ba

A makon jiya wasu 'yan'uwa biyu suka tare ni a kasuwar Acida, ɗaya falken albasa, ɗaya ma'aikacin gwamnati, gardama ta sarƙe tsakaninsu. Falken ya ce shi bai ga aibin kiɗan Ar-Risala ba, wato fim ɗin da Mustafa Akkad ya shirya a 1976 a kan farkon Musulunci, domin hawaye yake sa shi. Ma'aikacin ya ce ai Moris Jar ne ya tsara shi, Bafaranshe. Shi hankalinsa ya fi kwanciya da Naushad Ali, Musulmin Indiya, mai kiɗan Mother India na 1957.

Na ce musu duk sun bar jaki suna dukan taiki. Shari'a ba ta rataya hukuncin kiɗa a kan sunan makaɗi ko ƙasarsa ba.

Mafi yawan malamai, har da na Malikiyya, sun hana kayan kiɗa in ban da bandiri a wajen aure, hujjarsu kuwa hadisin da ke cikin Buhari. Ibn Hazm ya raunana hadisin nan a cikin Al-Muhalla, ya halatta. Imam Gazali a cikin Ihya ya hana kayan da suka zama alamar mashaya, sauran kuwa ya auna su da abin da suke tayarwa a zuci. A nan gida ma, Shehu Usmanu ya sassauta a cikin Najmul Ikhwan saboda wannan saɓani, alhali ƙanensa Malam Abdullahin Gwandu ya tsaya a kan tsanantawa.

To, amma akwai inda babu saɓani: batsa, da rawar maza da mata a cakuɗe, da shagala daga salla. Tun da aka fara finafinan Hausa na bidiyo da Turmin Danya a Kano a 1990, salon waƙa da rawa irin na Indiya ya yi ta ƙaruwa, yau ga shi cikin wayoyin 'ya'yanmu. Nan ya kamata magidanci ya sa ido.

Wanda ya ƙaurace wa kiɗa duka ya tsare addininsa, amma kada ya kafirta ɗan'uwansa. Wanda ya bi sassauci kuma, ya tambayi kansa: in ladan ya kira salla, zai iya kashewa ya tashi?

Wallahu a'alamu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.