Hasken Rana da A Daidaita Sahu: A Ina Ya Kamata a Kafa Farantin?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da gwamnatin tarayya ta sanar da janye tallafin man fetur, lissafin masu a daidaita sahu a Kano ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. Tun da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013, wannan keke mai ƙafa uku shi ke ɗauke da birnin: shi ke kai ɗalibi makaranta, shi ke kwaso 'yan kasuwa daga Bata da 'Yankura zuwa Kantin Kwari. Ba abin mamaki ba ne, saboda haka, da ake yawan jin tambayar nan: ga rana tana ƙuna a banza, me zai hana a ɗora farantin sola a rufin kowane keke a huta da gidan mai?

Tambayar tana da kyau, amma amsarta tana bukatar alƙalami da takarda. Da tsakar rana, idan sama ta washe, kowane murabba'in mita na ƙasa yana samun kimanin wat 1,000 na hasken rana. Farantin sola na kasuwa yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan haske zuwa lantarki, watau wat 200. Idan aka tattara hasken yini guda a Kano, ya kai kwatankwacin awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana. Ke nan murabba'in mita ɗaya yana ba da kimanin yunit ɗaya na wuta a yini, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa. Rufin a daidaita sahu da kyar ya kai murabba'in mita biyu, wato yunit biyu. Keke mai aiki da lantarki yana cin yunit ɗaya a tafiyar kilomita goma zuwa goma sha biyar. Duk abin da rufin zai iya bayarwa bai wuce tafiyar kilomita talatin ba, shi ma sai in keken ya yini a fili, bai ratsa inuwar benayen Sabon Gari ba, ƙurar hunturu kuma ba ta lulluɓe farantin ba. Direban da ke fita da sassafe ya koma bayan isha'i, ga balas ɗin mai keke yana jiransa, ba zai ci abinci da kilomita talatin ba.

Ilmin halittu ya daɗe da warware wannan matsala, sai dai ba a cika lura ba. Tsirrai sun daɗe suna cin gajiyar hasken rana. Ganye faranti ne na halitta: yana kama haske, ya haɗa ruwa da iskar kabon, ya samar da sukari. Amma hasken rana a warwatse yake zuwa, kaɗan-kaɗan bisa fili mai faɗi, kuma abin da amfanin gona ke adanawa daga cikinsa bai cika wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Shi ya sa bishiya take baza ganye ta tsaya wuri guda. Babu tsiron da ke gudu. Dabbar da ke gudu kuwa ba ta ɗauke da ganye a bayanta; cin abin da tsiro ya tara take yi, ta yi gaba. Raƙuman Azbinawa da suka riƙa sauke gishiri a zangon Fagge, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 a kafa Sabon Gari, da ƙarfin rana suka ratso Hamada, amma ta hanyar ciyawa da ƙayar da suka ci. Shi kansa man fetur hasken rana ne da ƙananan halittun teku suka tara shekaru miliyoyi da suka shuɗe.

Injiniyoyin duniya sun gwada yin mota mai ɗauke da ganyenta. Tun 1987 ake tseren motocin sola a Ostareliya, daga Darwin zuwa Adelaide, tafiyar kusan kilomita 3,000. Motocin suna gudu ƙwarai, amma shafaffu ne marasa nauyi, kuma mafi saurinsu mutum ɗaya kawai suke ɗauka. Da aka zo batun motar sayarwa, kamfanin Lightyear na ƙasar Holan ya dakatar da ƙera tasa a Janairun 2023, sannan Sono Motors na Jamus ya watsar da nasa shirin wata guda bayan haka.

Abin da ya dace da Kano shi ne a raba aikin kamar yadda halitta ta raba shi: faranti ya zauna kamar bishiya, keke ya zo ya ci ya tafi. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 1,000, bisa lissafin nan na sama, zai ba da yunit kusan 1,000 a yini, abin da zai ciyar da keke ɗari idan kowanne ya ɗauki yunit goma. Irin wannan rufi kuwa ba ya wuya a Fagge. Tun 2018, ƙarƙashin wani shiri na Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, aka fara kafa farantai a rufin Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi ta Sabon Gari domin ba shaguna wuta, bayan gobarar 2016 da ta ci dubban rumfuna. A 2019 aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a Janairun 2023 kuma mai megawat 10 a Challawa. Haɗa irin wannan wuta da abin hawa ma an gwada: a 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, lokacin shugabancin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya yi suna wajen zana motoci a Amurka, ta buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya riƙa cire injin mai daga ƙananan bas yana sa musu na lantarki, yana caja su daga tashar sola.

Akwai cikas guda: lokacin da rana ta fi ƙarfi shi ne lokacin da direba ke kan hanya, ba zai ajiye keke awa huɗu yana jiran caji ba. Maganin wannan shi ne musayar batir, kamar yadda ake yi wa kekuna a wasu biranen Indiya da babura a Kigali ta Ruwanda. Direba ya ajiye wanda ya ƙare, ya ɗauki cikakke, cikin 'yan mintoci. Batirin na mai tasha ne, direba wutar kawai yake saye, don haka ba ya ɗaukar nauyin kayan da ya fi komai tsada a jikin keken.

Ta fannin ƙira, bai kamata a fara da mafarkin babbar masana'anta ba. Kano ta ga irinta: kamfanin harhaɗa manyan motocin Fiat da aka kafa a shekarun 1970 ya dogara da kayan waje, da kuɗin waje ya yi wuya sai aiki ya tsaya. Abin da birnin ke da shi a yalwace shi ne kanikawa, da masu walda, da masu naɗin waya, da dillalan kayan gyara na Sabon Gari da Ƙofar Ruwa. Injin lantarki ba shi da fulogi, ba shi da kafireto, ba ya shan baƙin mai. Sassansa masu motsi kaɗan ne. Keken da injinsa ya mutu amma gangar jikinsa na da rai, ana iya mayar da shi na lantarki a gareji. Abin da ya rage shi ne kwalejojin fasaha su koya wa yara aikin wuta da batir yadda ya kamata, hukuma kuma ta tsayar da ma'auni ɗaya na girman batir da bakin cajinsa, don kada kowane kamfani ya zo da nasa.

Batun batir ɗin ne ya fi bukatar a yi hattara. Zafin watan Afrilu, da ke haura digiri 40, yana rage wa kowane irin batir kwana. Mai sinadarin litiyam yana kama wuta idan aka yi masa mugun caji ko aka huda shi, kuma kasuwar da ta sha gobara ba wurin ganganci ba ce: farantai a sama, ɗakin caji a keɓe daga rumfuna. Mai arha kuwa, na dalma, ya fi wannan haɗari a ɓoye. Dalma guba ce da ke taruwa a jiki, tana lalata ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama da wuri ba. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Tsofaffin batura da ake fasawa da guduma a narka a bayan gida, ƙurar dalma iri ɗaya suke saki a unguwa. Kafin a ba kowane kamfani izinin kafa tashar caji a Fagge ko Sabon Gari, ya kamata a rubuta cikin yarjejeniya wanda zai karɓi mataccen batir, da inda zai kai shi.