Sharhi: Lambar Waya Ita Ma Tana da Mutunci

Tun daga shekarar 2001 da aka fara amfani da wayar salula a Nijeriya, wannan na'ura ta zama jakadan talaka, domin ta rage wa manomi da ɗan kasuwa dogayen tafiye-tafiye. Sai dai a 'yan shekarun nan mun lura da wani sauyi a garuruwa da ƙauyukanmu: da yawa daga cikin jama'a sun daina ɗaukar kira idan ba su san lambar ba. Dillalin taki zai kira manomi don ya sanar da shi kaya sun iso, a ƙi ɗauka. Jami'in asibiti zai kira don tunatar da uwa ranar rigakafin ɗanta, a katse. Asarar ta kowa ce.

Ba za mu ga laifin jama'a ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. 'Yan damfara sun daɗe suna kira da sunan banki, suna neman lambar BVN ko lambar sirri ta katin cirar kuɗi, kuma wasunsu suna da dabarar sa wata lamba dabam ta bayyana a fuskar waya maimakon tasu ta ainihi.

Idan ba a manta ba, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta fara rajistar layukan waya a 2011, sannan a watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Wannan ya taimaka wajen gano mai layi idan an aikata laifi, amma bai nuna wa wanda ake kira sunan mai kiransa ba. Wannan giɓi ne manhajoji irin su Truecaller, ta wani kamfanin ƙasar Suwidin, suke ƙoƙarin cikewa. Abin lura shi ne, sunayen da manhajar ke nunawa galibi daga masu amfani da ita suke fitowa. Don haka suna iya zama kuskure, musamman idan layin tsoho ne da aka daɗe ba a amfani da shi har kamfani ya sake sayar da shi. Ta haka mai shago nagari yake gadon baƙin sunan wanda bai taɓa gani ba. Haka kuma idan mutane da dama suka yi ƙorafi a kan wata lamba, sai a yi mata tambarin mai damun jama'a.

A Amurka an bi wata hanya. Bayan wata doka ta 2019, an wajabta wa manyan kamfanonin waya amfani da tsarin STIR/SHAKEN daga ƙarshen watan Yunin 2021. A tsarin, kamfanin da kira ya taso daga wurinsa yana sa masa hatimi na kwamfuta da ke shaida cewa mai kiran yana da ikon amfani da lambar, shi kuma kamfanin da ya karɓa ya tantance hatimin. Amma ko a can, hatimin yana tabbatar da lamba ne kawai, ba ya tabbatar da halin mai ita. Wannan shi ne darasin da ya shafe mu: na'ura tana iya shaidar lamba, amma amana sai mutum ya gina ta da kansa.

Saboda haka muna ba 'yan kasuwa, ƙungiyoyin gama kai da ofisoshin ƙananan hukumomi shawara su tsayar da lamba ɗaya tak ta aiki, su daina kiran jama'a da layin kowane ma'aikaci. A rubuta lambar a allon ofis da rasiti, a sanar da ita a gidan rediyo da kuma ta bakin dagatai da masu unguwanni. Kafin a fara aiki da sabon layi, a duba sunan da yake fitowa da shi a wayoyin mutane, in akwai kuskure a nemi gyara. A kira a lokutan aiki, mai kira ya fara da faɗin sunansa da inda yake aiki da dalilin kiran. Idan ba a ɗauka ba, gajeren saƙo ya fi a yi ta maimaita kira. Mafi muhimmanci, kada ma'aikaci ya taɓa neman lambar sirrin kowa ta waya, domin jama'a su san cewa duk wanda ya nema ɓarawo ne.

Su kuma jama'a, idan kira ya ba su shakka, su katse su kira lambar da suka sani da kansu. Mai son dakatar da saƙonnin talla zai iya tura STOP zuwa 2442, wanda kuma kamfanin waya bai share masa hawaye ba, ya kira hukumar NCC kyauta a 622.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su fara wannan gyara daga ofisoshinsu, domin saƙon hukuma ba shi da amfani matuƙar wanda aka nufa da shi yana tsoron ɗaukar waya.