Filin Jirgin Sama Na Kano Da Darasin Da Ke Cikinsa

A shekarar 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano, daga Masar suka taso. Amma filin bai bunƙasa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dalili kuwa, jiragen wancan zamani ba su da dogon zango. Wanda ya ƙetaro Sahara daga Turai, ya nufi Afirka ta Kudu, kan sauka a Kano ya sha mai. Kamfanin KLM ya fara zuwa a 1947, aka kuma buɗe sabon ginin fasinjoji a 1957.

Da aka ƙera jirage masu dogon zango, sai baƙin nan suka riƙa wuce mu ta sama. KLM ma ya janye a 2012. Alhazanmu da fatakenmu su ne suka riƙe filin.

To, malamai da akawuna, mu lura. Arzikin da ya dogara ga mai wucewa aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Lalle ne mu koya wa yaranmu lissafi da sana'a, domin su sarrafa hajar da za ta kawo jirgi takanas saboda mu.