Mun San Adadin Kwalaye, Ba Mu San Sunan Kakanni Ba

Sana'ata rubuta kaya a Kasuwar Singa da ke Kano. Buhun sukari ko kwalin taliya ko jarkar mai, duk abin da aka sauke daga tirela sai ya shiga littafi, da ranar zuwansa da sunan wanda ya ɗauka bashi. Haka kowane shago yake, daga nan har Sabon Gari. Amma a tambayi yawancinmu sunan kakan mahaifinmu da garin da ya taso, sai a ji shiru. Ina ganin wannan babbar asara ce, kuma mu ne za mu tare ta da hannunmu.

A Ingila ana buɗe takardun ƙidaya bayan shekara 100, shi ya sa a 2022 aka fitar da na 1921. A Amurka shekara 72 ake jira, su ma a 2022 suka buɗe na 1950. Mutum zai ga sunan kakarsa, shekarunta, sana'ar mijinta da gidan da suka zauna. Mu tamu ƙidayar rigimar adadi ta cinye ta. An soke ta 1962, an yi ta gardama kan ta 1963, gwamnatin Murtala ta soke ta 1973. An yi a 1991 da 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage. Abin da ke isowa ga talaka shi ne jimillar jiha da ƙaramar hukuma. Sunan kakansa ba ya ciki.

Takardun shaida ma ba su kai mu nesa ba. A 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a ƙarƙashin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Iyayenmu da abubuwan da suka faru suke lissafin shekaru: shekarar zuwan Sarauniyar Ingila Kano, wato 1956, ko shekarar canjin hannu, 1972, ko ta canjin kuɗi daga fam zuwa naira, 1973. Da aka zo neman fasfo da lambar NIN, sai aka garzaya kotu rantsuwar shekaru, mutane da yawa suka tashi da ranar 1 ga Janairu.

Al'adarmu ma tana da nata hannun. Yaro yana ɗaukar sunan mahaifinsa, ɗansa kuma ya ɗauki nasa, sunan kaka ya faɗi a hanya. Kunya ta hana uwa kiran sunan ɗan fari, ta hana mace faɗin sunan mijinta. Sai jikoki su taso ba su san komai ba sai Baba Alhaji da Hajiya Babba. Gidajen sarauta suna da maroƙa masu jero musu salsala. Ɗan kasuwa ba shi da kowa sai tsohuwar gidansu.

Duk da haka sawu bai ɓace gaba ɗaya ba. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin haraji na gundumomin Kano tun zamanin Turawa. Akwai Gidan Arewa a can, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa a nan. Shari'un majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 sun tsira, da sunayen masu ƙara da waɗanda ake ƙara. A cikin gida kuwa, tsohuwar adaka tana iya ɓoye rasidin haraji na kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi, da takardar rabon gado ta alƙali, da fasfon aikin Hajji, da ranakun haihuwa da wani malami ya rubuta da ajami a bangon littafi.

Na san abin da wasu za su ce: garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Ana tsoron a gano bauta a asali, ko a gano kaka baƙo ne, a samu abin gori. Mai gori shi ya kamata ya ji kunya. Fagge masaukin baƙi ce tun asali, Sabon Gari kuma zuwan jirgin ƙasa ne ya kafa ta. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari daga wasu wurare kakanninsu suka zo, su ne kuma suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja. Alhasan Ɗantata Ba'agale ne, haihuwar Bebeji, kuma Kano tana alfahari da shi.

Maganar kuma ta wuce sha'awar tarihi. Rabon gado ba ya yiwuwa sai an san magada. Na ga shago a kulle wata da watanni saboda an rasa wanda zai tabbatar da dangantakar wasu 'yan uwa da suka zo daga Maraɗi. Zumunci ma ba ya saduwa da wanda ba ka san da shi ba.

Don haka ina kira ga 'yan uwana 'yan kasuwa. A sayi littafi guda, a zauna gaban tsofaffi tun suna da rai. A tambayi sunan yanka, har na mata, domin su aka fi mantawa. A rubuta gari da unguwa da sana'a, a ɗauki muryarsu a waya. A ɗauki hoton kowace tsohuwar takarda a raba wa dangi, kada a bar ta a shago kaɗai, domin mun ga abin da gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta yi, Singa ma ta sha ɗanɗana wuta. A yi wa kowane jariri takardar haihuwa kafin a gama shagalin suna.

Hukuma kuma, idan Allah ya kai mu ƙidaya ta gaba, ta adana sunayen da ta karɓa, majalisa ta sa wa'adin da za a buɗe su ga jikoki. Mun ba da sunayenmu a 2006, muna da haƙƙin sanin inda aka ajiye su.